Hammawa Ya Ba Kifi Kanwa

"...Ina gajiya kuma, tsoho?"

"Babu gajiya. Ke dai ƙarasa gaisuwarki, ki durƙusa sosai. Ba a gaida miji da gwiwa ɗaya."

"Miji! Mijin da haƙoransa suka riga shi yin ƙaura? Ka gode wa Allah ma da ka samu gwiwa ɗaya."

An kwana ana yayyafi a Tudun Kaya, gari ya waye da lumshi, rana ta ƙi leƙowa. Malam Hammawa yana zaune a kan wani kifaffen komi, irin na shayar da shanu, daidai bakin hanyar da ke shiga lambun da ke bayan gidansu. Ya miƙe dogayen ƙafafunsa ya tare hanyar kaf. A gabansa jikarsa Rumasa'u ce, 'yar babban ɗansa, riƙe da gwangwanin abincin kifi.

Tun da bazara aka kira ƙananan manoma horo a Karaye, aka koya musu kiwon karfasa da noman ganye da ruwa ɗaya. Kifi a tanki, famfo mai aiki da hasken rana ya ɗebi ruwan da suka ɓata ya kai wa alayyahu da tumatir da aka dasa cikin tsakuwa, ganye ya sha takinsa, ruwa ya dawo wa kifi a tace. Uban Rumasa'u ɗan cin kasuwa ne, ya ce ba shi da wannan lokacin, sai ita ta je. Yau kuma malamar da ta koya musu za ta zo da manoma daga Rogo su ga na Rumasa'u. In an tarar da kifinta lafiya, kuma tana da wanda za ta bar wa kiwon, ita za a tura Zoza ta koya wa mata. Yarinyar nan ba ta da wani zance sai wannan. Ta roƙi kakan nata ya riƙe mata kifin in ta tafi, ya ce shi Bafulatani ne, ba ya kiwon abin da ba shi da ƙafa.

Abin da ba ta sani ba shi ne, yau bayan sallar asuba tsohon ya jiƙa jar kanwa cikin ƙwarya, ya juye a tankin, ya dama da sandarsa. Da ya koma dubawa, sai ya tarar kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban kura, amma da yake tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, sai ya zo ya tare hanya yana fatan ruwan ya huce da kansa.

"To na gaisa. Janye ƙafa in wuce."

"Ina za ki da sassafe haka? Ko kunu ba ki dama min ba."

"Ga ƙwaryar furar da Inna ta aiko maka nan, ka lashe ta har tana ƙyalli."

"Wannan ta surukata ce. Ta matata nake jira."

"Ka daɗe kana jira. Yau ina da baƙi, kuma garkena bai karya ba."

"Garke! Ji min yarinya. Garken da ba a tatsa, ba a ɗaure shi, ba ya kuka? Zauna nan in ba ki labarin shekarar da na kora shanu har Zariya ni kaɗai."

"Na ji shi. Wancan karon Bauchi ka ce, kafin nan Adamawa. In na sake zama yau, sai ka kai su Makka a ƙafa."

"Da ba teku ba, da na kai su."

"Da ka koyi kiwon kifi, da teku bai tare ka ba. Janye."

Bai janye ba. Ya ma ƙara miƙe ƙafar, yana wani gyara zaman hula. Rumasa'u ta tsaya ta ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ta gada wurin marigayiya kakarta, wanda shi kansa ya san ba ya ƙarewa da alheri.

"Tsoho, me ya jiƙa maka hannun riga har kafaɗa?"

"Alwala."

"Alwala har hammata? Wace mazhaba ce wannan?"

"Ta tsofaffi ce. Ba ki kai karatunta ba."

"Wannan farin da ya bushe a gindin sandarka fa?"

"Furfura ce. Ita ma sandar ta tsufa."

"Ka ga, ni fa ban ce ka yi komai ba, amma ga goshinka yana tsattsafo gumi da wannan sanyin. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Ni Hammawa? Wallahi kika tsallake min ƙafa na daina girma, kuma hakkina na kanki."

"Girman da ka yi ma ya ishi gidan nan."

Ba ta tsallake shi ba, don tana da tarbiyya. Ta kewaya ta wata kafa a jikin danga wadda awaki suka buɗe, ta shige. Hammawa ya rufe ido yana jiran ihu. Bai ji ihu ba. Shirun da ya ji ya fi masa ihu ciwo, sai ya dafa sanda ya miƙe ya bi ta.

Ya same ta tsaye a bakin tankin, gwangwanin ya suɓuce mata a ƙasa. Kifin sun cunkushe a saman ruwa, wasu sun fara karkacewa. Ta tsoma yatsa ta murza, ta ji santsi, ta ɗanɗana a harshe, ta tofar.

"Kanwa," ta ce. "Ruwa ba ya tsami banza. Kaka, kanwa!"

Ba ta cika ce masa Kaka ba sai abu ya yi tsanani, kuma ya san haka.

"Wataƙila akuyar maƙwabta ce ta..."

"Akuya ce ta jiƙa kanwa a ƙwaryarka, ta dama da sandarka, ta jiƙa maka riga?"

"To, ni ne. Kwana biyun nan na ga ba sa cin abinci sosai. Dabba in ta ƙi ci da damina, kanwa take nema, wannan ko yaron goye ya sani. Ga baƙi za su zo. Na ce bari cikinsu ya buɗe, jikinsu ya yi sheƙi, kada mutanen Rogo su raina ki."

"Sanyi ne ya rage musu ci! Karfasa haka take in gari ya yi sanyi. Garin neman gira ka tsone min ido!"

Ta yi tsalle ta cire wayar famfon. Allah ya taimake ta hadari ya rufe rana, famfon bai tashi ba, ruwan kanwar bai hau kan ganyen ba. Ta shiga waige-waige tana yarfa hannu.

"Dole in kwashe su yanzu in sa a ruwa mai kyau. A ina? Bahon Inna duk sabulu ne. Bokiti ba zai ɗauke su ba. Wayyo, a ina?"

Hammawa ya waiga ya dubi komin da ya taso daga kai. Na icen kirya ne, mahaifinsa ya sa aka sassaƙa. Garken da ya sha ruwa a cikinsa ya ƙare tuntuni: ɓarayi sun kora wasu, ciwon huhu ya ɗauki wasu, sauran hidimar gida ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Komin kaɗai ya rage. Ba ya yarda ko kaza ta sha ruwa a ciki, kuma yakan jiƙa shi lokaci-lokaci don kada ya tsage, wai ko Allah zai sa shanu su dawo. Duk gidan an san wannan, ba mai tanka masa.

"Kama can," ya ce.

"Komin? Kaka, komin shanunka?"

"Na ce kama can! Tsayawa za ki yi kina min tambayar kabari?"

Suka kinkimo shi da ƙyar, suka birkice shi a gindin rijiya. Tsohon ya naɗe hannun riga ya kama igiyar guga. Ashe ƙarfin na nan, ajiye shi kawai aka yi. Guga na shiga guga na fita, kafin ta ɗauko kwando komin ya kusa rabi. Ta kamfato kifin farko ta sake su a ciki.

"A hankali! Kada ka kwara musu a ka, ta gefe za ka zuba."

"Ni za ki koya wa shayarwa? Ina shayar da shanu tun ubanki yana tsotsar yatsa."

"Ai mun ga shayarwar da ka yi da asuba."

"Ke dai kwaso. Baki ya fi hannu sauri, haka kakarki take."

"Ita ma haƙuri ta yi da kai har Allah ya hutar da ita."

"Ta tafi ta bar ni da ragowar mata."

"Ragowar ce yau take fid da kai kunya. Jawo ruwa!"

Haka suka yi ta yi, ita tana kamfato kifi da kwando tana sakewa a komi, shi yana jan ruwa yana haki. Da ta gama kwashewa ta buɗe bututun ƙasan tankin, ruwan kanwar ya malale cikin kwata. Can sai ga wani ƙaton karfasa mai ɗan fari a goshi ya juya cikinsa sama a tsakiyar komin. Hammawa ya saki guga har igiyar ta kusa binsa cikin rijiya.

"Wuƙa! Rumasa'u, kawo wuƙa maza!"

"Wuƙar me?"

"A yanka kafin ta zama mushe! Ina alƙibla? Riƙe min ƙafafun... riƙe min wutsiyar!"

Duk da halin da take ciki, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a kan bakin komin.

"Kaka, kifi ba ya mushe! Wa ya taɓa yanka kifi yana kallon gabas?"

"Dabbar da ba a yankawa kuma a ce halal ce? Shi ya sa tun farko ban yarda da ita ba." Ya durƙusa ya sa hannu biyu a ruwan ya tallafo kifin, yana kaɗa shi a hankali. Muryarsa ta sauya. "Wule. Haba Wule. Tashi mana, kada ki yi min haka."

Rumasa'u ta daina dariya. Wule sunan saniyarsa ta ƙarshe ne, mai farin goshi, wadda aka sayar shekarar da aka yi wa Inna aiki a asibiti. Ranar da aka tafi da ita tsohon bai fito daga ɗaki ba sai washegari.

"Wa ka kira?"

"Ban kira kowa ba."

"Na ji da kunnena. Tsaya ma tukuna. Ɗazu ka ce ka ga ba sa cin abinci. Kai da ko ƙarninsu ba ka so, ya aka yi ka san cinsu?"

Hammawa bai ɗago ba. Kunya ta kama shi, amma hannunsa na ƙarƙashin kifin, ba shi da halin tashi ya gudu.

"Mutum in ya saba tashi da asuba ya je ya duba wani abu mai rai, ba ya iya dainawa," ya ce. "Ina idar da salla sai ƙafata ta ɗauke ni. Da can in na fito ba inda zan je, sai in zauna a kan komin nan har rana ta fito. Da kika kawo waɗannan, sai na ce bari in leƙa in ga shirmen. Na yi musu irin kiran da nake wa maruƙa, sai suka taso. Wannan ce ta fara tasowa."

"Kullum?"

"Kullum."

"Shi ya sa abincin yake saurin ƙarewa! Ni ina ta zargin ɓeraye."

"Ɓera ne, mai gemu."

Ta sunkuyar da kai, ta goge ido da gefen mayafi don kada ya gani, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa abin tsokana. Sai kifin ya motsa wutsiya. Ya ƙara motsawa, ya juya daidai, ya sulale daga hannun tsohon ya nutsa ƙasan komin.

"Kin gani! Kin gani! Jinin Wule ne, ba ta faɗuwa a banza!"

"Ruwan rijiya ne ya tashe ta, ba kirarinka ba."

"Ruwan fa, wa ya jawo?"

"Kanwar fa, wa ya zuba?"

Ya sosa ƙeya, ya koma ya ɗauki guga. Suka ɗauraye tankin, suka sake cika shi, ta ce a bar kifin a komi su huta tukuna. 'Yan ƙanana kaɗan ne ba su tashi ba, ta tsame su ta sa a kwano. Sauran kuwa suka shiga zagaye cikin komin kamar a nan aka haife su. Rana ta ɗan leƙo, ta mayar da wayar famfo, ruwa ya fara tsiyaya a gindin alayyahu. Hammawa ya zube a kan dutsen bakin rijiya yana mayar da numfashi.

"To yanzu in baƙin sun zo, me za ki ce musu game da komi?"

"Gaskiya zan faɗa. In tsayar da kai a tsakiya in ce, jama'ar Rogo, darasi na farko: ga tanki, ga famfo, ga kuma irin tsohon da ba a bari ya matso kusa."

"Haba amarya! Rogo fa akwai surukan ƙanena. Maganar nan in ta shiga kasuwa, har jikokin jikokina za a riƙa kira Masu-Kanwa."

"Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa."

"Sake ki zan yi."

"Da ka taimake ni. Samarin Zoza na can suna jira."

"Samarin Zoza! Wa zai ɗauki mace mai ƙarnin kifi in ba ni ba?"

"Kai ma ka shinshina hannunka."

Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ta ƙyalƙyale da dariya. Daga nan ta tsuguna ta ɗauki gwangwanin da ya faɗi, ta kakkaɓe shi, tana juya shi a hannu.

"Kifin sun tashi, alhamdu lillahi. Amma malama za ta tambaye ni wa zan bar wa su in na tafi. Baba yana kasuwa kullum, Inna ba ta iya jan guga tun da aka yi mata aiki. In na ce babu, wata za a tura."

Hammawa ya daɗe yana kallon komin. Shekara da shekaru yana jiƙa shi don shanun da ba su dawo ba, ga shi yau cike da ruwa, abu mai rai yana motsi a ciki. Ya yi gyaran murya.

"Ki ce kin bar wa mijinki."

"Mijin da ya ba su guba da asuba?"

"Makiyayin da bai taɓa kashe maraƙi da kuskure ba, bai yi kiwo ba, rakiya ya yi."

"Na ɗauka Bafulatani ba ya kiwon abin da ba shi da ƙafa."

"Ai ya fi. Ba sa shiga gonar mutane, ba mai kai ni ƙara wurin dagaci."

"To da sharaɗi. Miƙo kanwar."

"Ta ƙare."

"Aljihun hagu."

Ya yi tsaki, ya zura hannu ya fito da wani ƙulli a tsumma, ragowar jar kanwar da ya saya wa Wule ta gaskiya, bai kai ga ba ta ba aka sayar da ita. Ya ɗan riƙe shi kaɗan kafin ya saka mata a tafin hannu.

"Ki ba uwarki ta sa a miyar kuka. Komin kuma na ba ki, ke da garkenki. Sadakinki ke nan, kada in ƙara jin kin ce ban biya ba."

"Na karɓa. Ga naka tukuicin." Ta miƙa masa gwangwanin. "Rabin wannan da safe, rabi da yamma. In ka ga sun bar saura a saman ruwa, ka rage. Ba dusa, ba ƙaiƙayi, ba gishiri, ba saiwar da wani boka ya ba ka. In famfo ya tsaya, ka duba ko ganye ya toshe bututu. Maimaita."

"Ni zan maimaita? Ni Hammawa?"

"Kai ne ɗalibina na farko. In na iya da kai, matan Zoza wasa ne. Kuma ba a ce min amarya a aji. Me za ka ce?"

Ya dube ta, ya dubi gwangwanin, ya dubi sama kamar mai neman agaji. Sai dariya ta kufce masa, irin wadda aka daɗe ba a ji a gidan ba, har dasashinsa duk a waje.

"To, Malama. Rabi da safe, rabi da yamma. Ba dusa, ba kanwa. Allah ya isa tsakanina da Karaye."

Daga bakin titi aka jiyo ƙarar mota tana tsayawa, da hayaniyar mutane suna sallama. Rumasa'u ta gyara mayafi, ta ɗauki kwanon da ta sa waɗanda ba su tashi ba.

"Waɗannan Inna za ta soya wa baƙi. In ajiye maka ɗaya? Tunda kai ka yi aikin, ya kamata ka ɗanɗana."

"Allah ya kiyaye."

"Har yanzu ƙyamar ce?"

Tsohon ya miƙe, ya ɗora sandarsa a kan kafaɗu, ya rataye hannuwa biyu a kanta yadda yake yi a da in ya tsaya gaban shanu. Ya matsa bakin komin ya yi ɗan kiran nan da harshe, mai farin goshi ta taso.

"Da can ƙyama ce," ya ce. "Yanzu kuwa, ina kika taɓa ganin Bafulatani ya ci daga garkensa? Je ki shigo da su, Malama. Ki ce makiyayin yana nan."